Ido Ba Mudu Ba Ne: Takardar Laifin Gudu Da Ba A Auna Da Rada Ba

Jama'a, darasinmu na yau a kan wata tambaya ce da direbobi su ke yawan yi a ƙasashe da dama. Ɗan sanda ya tsai da mota, ya ce direba ya wuce iyakar gudun da doka ta yanka, ya rubuta masa takardar laifi. Direba ya duba, bai ga wata na'ura a hannun ɗan sandan ba. To, wannan takarda tana da ƙarfi? In an je gaban alƙali, wa zai yi nasara?

Waɗansu direbobi suna cewa in babu na'ura babu laifi. Waɗansu kuma suna cewa maganar ɗan sanda yankan wuƙa ce, zuwa kotu ɓata lokaci ne. Dukansu sun yi kuskure. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Alƙalan Ingila da na Amurka sun fi shekara ɗari suna juya wannan magana, suna neman sanin inda ƙimar ido ta isa, da inda lalle sai an kawo mudu. Za mu bi abin da suka yanke daki-daki, don direba ya san abin da zai tambaya.

Maganar ba ƙarama ba ce. A Ingila mafi ƙarancin tarar gudu fam 100 ne, sa'an nan a ɗora wa mutum maki 3 a lasin. Wanda makinsa ya kai 12 cikin shekara 3, yawanci a kan hana shi tuƙi har wata 6. Ga mai hayar mota ko direban babbar mota, wata 6 ba tuƙi wata 6 ne ba cefane.

YADDA ABIN YA FARO

Kama masu gudu ya girmi rada nesa ba kusa ba. A watan Janairu 1896, a yankin Kent na ƙasar Ingila, wani ɗan sanda ya hau kekensa ya bi wani mai mota, Walter Arnold, har ya cim masa. An ce motar tana gudun mil 8 a awa. Iyakar gudu a cikin gari a lokacin nan mil 2 ce kacal, a bayan gari kuwa mil 4. Aka ci shi tarar sule guda saboda gudu, da kuɗin shari'a. Shi ne a ke ɗauka mutum na farko da aka hukunta a kan gudun mota a Ingila.

A 1903 Majalisar Ingila ta mai da iyakar gudu mil 20 a awa. 'Yan sanda suka shiga ɗana tarko. Su kan auna wani yanki na hanya, misali yadi 220, watau kashi ɗaya cikin takwas na mil. Sai su ɓuya a bayan shinge da agogo a hannu. Motar da ke gudun mil 20 tana cinye yadi 220 cikin daƙiƙa 22 da rabi. Wadda ta cinye cikin daƙiƙa 15, mil 30 ta ke yi, ta shiga tarko ke nan. Abin ya dami masu mota har suka kafa ƙungiya a 1905, wadda a ke kira AA, suka ɗauki 'yan keke suna yawo a hanya suna yi wa direbobi ishara in akwai tarko a gaba.

A cikin wannan doka ta 1903 aka sa wani sharaɗi mai muhimmanci. Za mu zo gare shi nan gaba.

MECE CE RADA?

Ku lura da rubutun: rada ce, ba raɗa ba. Na'ura ce mai harba saƙon rediyo wanda ido ba ya gani, kunne ba ya ji. Saƙon ya bugi mota ya dawo, kamar amsa-kuwwa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da hanyar jirgin ƙasa ya san in jirgi ya doso yana usur ƙarar siririya ce, in ya wuce sai ta yi kauri. Wani masani ɗan Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana dalilin wannan a 1842. Haka saƙon rada ya ke sākewa in ya bugi abin da ke tafiya, da wannan sākewar na'urar ta ke lissafa gudun.

'Yan sandan jihar Konetikat ta Amurka sun fara gwada rada a kan hanya a 1947. A 1955 Kotun Ƙoli ta jihar Niyu Jasi ta yarda cewa ilmin rada tabbatacce ne, ba sai an kira masani a kowace shari'a ya yi bayaninsa ba. Duk da haka rada ma tana kuskure in ba a kula da ita ba. A 1979, a birnin Miyami, an nuna a talabijin wata rada ta ce wata bishiya tana gudun mil 86 a awa. Wani alƙali a can ya ƙi karɓar shaidar rada a shari'o'i masu yawa. Na'urorin yanzu sun fi na wancan lokaci, amma har yau kotuna suna son a nuna an gwada na'ura, mai riƙe da ita kuma an koya masa.

HANYOYI HUƊU BAN DA RADA

In ɗan sanda ba shi da rada ko wata na'ura irinta, da ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu zai ce ya san gudun mota. Kowace tana da inda ta ke da ƙarfi da inda ta ke da rauni.

1. Ƙiyasin ido. Ɗan sanda ya dubi mota ya ce mil kaza ta ke yi. A Amurka a kan koya wa 'yan sandan hanya wannan: su ƙiyasta, sa'an nan a duba na'ura a ga ko sun yi kusa. Ido yana gane motar da ta ninka iyakar gudu. Amma ido ba ya rabe mil 70 da mil 74. Duhun dare, da hazo, da kwana, da gangara, da ƙarar inji, duk suna ruɗinsa. Motar da ta doso mutum kai tsaye ta fi wuyar ƙiyasi bisa ga wadda ta gilma ta gabansa.

2. Bin mota a baya. Ɗan sanda ya bi mota da tasa, ya duba malejinsa. Wannan yana daidai in tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ga misali. Direba ya yi tafiyar mita 500. Ɗan sanda yana ƙoƙarin cim masa, ya rage tazara da mita 50. Watau shi mita 550 ya yi cikin wannan lokaci. In malejinsa ya nuna kilomita 110, to gudun direba 100 ne. Saboda haka dokar jihar Fensilbeniya ta ce sai an bi mota aƙalla kashi 3 cikin 10 na mil, watau kusan rabin kilomita, kuma sai an gwada malejin motar 'yan sanda cikin shekara guda kafin ranar laifin.

3. Agogo da tsawon hanya. Wannan ita ce tsohuwar dabarar 'yan bayan shinge, har yanzu kuwa ana aiki da ita. A waɗansu jihohin Amurka a kan ja layuka da fenti a kan kwalta, ɗan sanda yana cikin jirgin sama yana danna agogo. Lissafin ba shi da wuya: a raba tsawon hanya da lokacin da aka ci. Raunin yana ga yatsan mai dannawa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cinye mita 100 cikin daƙiƙa 7 da ɗan ɗori, watau 7.2. In mai agogo ya yi kuskuren daƙiƙa ɗaya tak, ya rubuta 6.2, lissafi zai ba da kilomita 58. Amma in mita 1,000 aka auna, motar za ta ci daƙiƙa 72, kuskuren daƙiƙa ɗaya ba zai kai lissafin ko 51 ba. Ashe gajeren awo shi ke girmama kuskure.

4. Sawun birki. In an yi haɗari, masani ya kan auna tsawon baƙin sawun da taya ta bari a kan kwalta, da irin lalacewar da motoci suka yi, ya lissafa gudun da a ke yi. Kotunan Ingila sun karɓi irin wannan shaida, don a kan awo ta tsaya.

ABIN DA DOKAR INGILA TA CE

Yanzu mu koma ga sharaɗin nan na 1903. Majalisa ta ce ba za a kama mutum da laifin wuce iyakar gudu bisa ra'ayin shaida ɗaya kaɗai ba. Sharaɗin yana nan har yau, a cikin dokar tsarin hanya ta 1984, sashe na 89. Ma'anarsa ita ce, in ɗan sanda ɗaya ya zo kotu ya ce, a ganinsa, direba ya wuce ƙa'ida, ba shi da wani abin da zai ɗora a kai, to alƙali ba shi da ikon kama direban da laifin.

Amma kada direba ya yi saurin murna. Abin da doka ta hana shi ne ra'ayi tsurarsa na mutum ɗaya. In 'yan sanda biyu suka ga motar a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ra'ayinsu ya zama shaida biyu. In kuwa ɗaya ya gan ta a nan, ɗaya ya gan ta can gaba bayan wani lokaci, kotu ta ce wannan bai tallafi wancan ba. Haka kuma ɗan sanda ɗaya da ya bi mota yana duba malejinsa, shaidarsa ta wuce ra'ayi, don abin da allura ta nuna ya ke faɗi. A 1950 babbar kotu ta Ingila ta ce a na iya karɓar shaidar maleji ko da ba a kawo takardar gwajinsa ba, musamman in gudun ya zarce ƙa'ida da yawa.

Akwai kuma maganar lokaci. In ba a tsai da direba an gargaɗe shi nan take ba, dole a aika wa mai motar takardar sanarwa cikin kwana 14, sai dai in haɗari aka yi. Takardar da ta makara tana iya kashe ƙarar.

A AMURKA, KOWACE JIHA DA TATA

Amurka tana da jihohi 50, kowace da dokar hanyarta. Mu ɗauki uku.

Jihar Niyok. A 1968 babbar kotun jihar ta duba wata shari'a inda 'yan sanda suka ce da ido suka ga mota tana yin mil 50 zuwa 55 a wurin da iyaka mil 30 ce. Kotu ta ce wannan ya isa, don ƙwararren ɗan sanda ba zai yi kuskuren mil 20 ba. Amma ta ƙara da cewa da mil 35 ko 40 suka ce, ba tare da wata na'ura ba, mai yiwuwa ne shaidar ta gaza. Watau abin dubawa shi ne girman ratar da ke tsakanin ƙiyasi da iyaka.

Jihar Ohayo. A 2008 wani ɗan sanda ya tsai da wani direba a hanyar da iyakarta mil 60 ce. Rada ta nuna masa 82, ya rubuta 79 a takarda. Direba ya ƙi biya, aka je kotu a garin Barberton. A can ɗan sandan ya kasa kawo takardar shaidar cewa an koya masa aiki da rada. Amma ya ce ko ban da rada, idonsa ya ƙiyasta mil 70. Alƙali ya kama direba da laifin mil 70, ya ci shi tarar dala 50 da kuɗin shari'a. Direba ya ɗaukaka ƙara. Kotun gaba ta ce bai kamata a saurari maganar rada ba, amma shaidar ido ta isa. Aka wuce har Kotun Ƙoli ta jihar. A watan Yuni 2010 alƙalai 5 suka ce ƙiyasin ɗan sandan da aka horar, aka ba shi takardar shaida, ya kuma daɗe yana aikin, ya isa a kama mutum da laifi. Alƙali ɗaya ya ƙi yarda.

Mutanen jihar ba su ji daɗin wannan hukunci ba. A 2011 majalisar jihar ta yi doka, ta ce ba za a kama mutum, ko a tuhume shi, ko a hukunta shi a kan wuce iyakar gudun da aka yanka bisa ƙiyasin idon ɗan sanda kaɗai ba. Sai da agogo, ko rada, ko wata na'ura. Amma dokar ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: ɗan sanda yana iya ba da shaidar cewa gudun ya fi ƙarfin halin da hanya ta ke ciki, misali ana ruwa ko hazo, a kuwa hukunta mutum a kan wannan. Ku dubi yadda abin ya juya a jiha ɗaya: abin da ya isa shaida a 2010 ya daina isa a 2011.

Jihar Karolina ta Arewa. Wani ɗan sanda ya tsai da mota, ya ce idonsa ya ba shi mil 75 a wurin da iyaka 70 ce. Abin da aka kai kotu shi ne ko tsayarwar ta halatta. Da aka yi masa tambayoyi a kan awo, ya ce ƙafa 12 ce yadi guda, ya kuma ce sandar yadi inci 12 ce. To, kowane tela ya san yadi ƙafa 3 ne, inci 36. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce in ratar 'yar kaɗan ce kamar wannan, ido kaɗai bai isa dalilin tsai da mota ba, sai an sami wani abin da ya tallafe shi.

ABIN DA MUKA KOYA

In mun haɗa waɗannan duka, abu uku ne suka fito.

Na ɗaya, rashin rada shi kaɗai ba ya kashe takarda. Maleji da agogo ma awo ne.

Na biyu, in ido ne kaɗai, ƙarfinsa yana ga girman rata. Wanda aka ce ya yi 55 a wurin 30, da wuya ya kuɓuta. Wanda aka ce ya yi 75 a wurin 70, yana da magana.

Na uku, doka ta sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa, daga jiha zuwa jiha, tana kuma sākewa. Direba ya nemi sanin dokar wurin da aka ba shi takarda, ta shekarar da aka ba shi.

RANAR DA AKA TSAI DA KAI

Bakin hanya ba kotu ba ne. Gardama a nan ba ta soke takarda, sau da yawa ma ƙara laifi ta ke yi. Ga abin da mu ke ba da shawara.

Ka tsaya a wurin da ba haɗari. Ka yi magana da ladabi. Ka nuna lasin da takardun mota in an nema.

In an tambaye ka ko ka san gudun da ka ke yi, kada ka yi ƙarya, kada kuma ka yi ƙiyasin da ba ka tabbata ba. Wanda ya ce, “Ai kaɗan na wuce,” ya riga ya ba da shaida a kan kansa, za a kuwa karanta ta a kotu.

Ka tambaya cikin natsuwa: “Yallaɓai, da me aka auna gudun?” Ka riƙe amsar.

Ka karanta takardar kafin ka bar wurin. Ka duba rana, da lokaci, da sunan hanya, da lambar mota, da gudun da aka rubuta, da iyakar wurin, da sashen dokar da aka ce ka karya.

Da ka isa masauki, ka rubuta duk abin da ya faru tun bai shige maka duhu ba: inda ɗan sanda ya tsaya, ko akwai kwana ko tudu tsakaninku, ko akwai waɗansu motoci kusa da taka, halin gari, wa ke cikin motarka. In da hali ka koma ka ɗauki hoton wurin da na allon iyakar gudu.

BIYA KO KOTU?

Kowace takarda tana da wa'adi, a rubuce ya ke a jikinta. A Ingila kwana 28 a ke bayarwa a karɓi tarar nan take. A yawancin jihohin Amurka biyan tara daidai ya ke da amsa laifi, wanda ya biya ya rufe wa kansa ƙofar gardama. Mafi muni duka shi ne a jefa takarda a aljihun mota a manta. Wannan shi ke jawo ƙarin tara, ko a dakatar da lasin, ko a aiko da sammaci.

Kafin ka zaɓi kotu ka yi wa kanka hisabi. A Ingila wanda ya je kotu ya faɗi, tara tana iya kai fam 1,000, a babbar hanya kuwa fam 2,500, ga kuɗin shari'a. Ka kuma tuna abin da malejinka ya nuna. Ƙa'idar ƙera motoci a ƙasashen Turai ta hana maleji ya nuna ƙasa da gudun gaskiya, amma ta yarda ya ɗara da kaɗan. Sai dai in an sa wa mota tayar da ta fi tata ta asali girma, maleji zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya, direba yana laifi bai sani ba. In ka san ka yi gudun, ka biya ka huta. In ka tabbata ba ka yi ba, ko kuwa lasin ɗinka ne a bakin rami, ka nemi shawarar lauya, ka shirya.

A GABAN ALƘALI

A irin wannan shari'a, a kan mai ƙara nauyin kawo hujja ya ke. Direba ba sai ya tabbatar da cewa a hankali ya ke tafiya ba. Aikinsa ya nuna cewa hujjar da aka kawo ba ta cika ba. Bayan ɗan sanda ya gama ba da shaida, a kan ba wanda a ke ƙara dama ya yi masa tambayoyi. Tambayoyin su zama gajeru, ɗaya bayan ɗaya, ba zagi, ba dogon jawabi.

In ido ne: A ina ka tsaya? Nisan nawa ne tsakaninka da motar sa'ad da ka fara ganinta? Daƙiƙa nawa ka yi kana kallonta? Doso ka ta yi ko gilmawa? An koya maka ƙiyasin gudu? Yaushe aka gwada ka? Kuskuren mil nawa aka yarda maka da shi a gwajin? Akwai wanda ya gani tare da kai?

In bin mota ne: Daga ina zuwa ina ka bi ta? Tazarar nawa ce da farko, nawa ce a ƙarshe? Da me ka san ba ta ragu ba? Yaushe aka gwada malejin motarka? Ina takardar gwajin?

In agogo ne: Wa ya auna tsawon wurin, da me? Mita nawa ne? Daga inda ka ke kana ganin layin farko da na ƙarshe sosai? Wanda ya danna agogo shi ne ya tsai da motar? In ba shi ba ne, yaya aka tabbata ita ce?

Sa'an nan direba ya kawo nasa: hotunan wurin, da abin da ya rubuta ran nan, da wanda ke cikin motar in akwai, da takardar gwajin malejinsa, da abin da kyamarar mota ko na'urar bin sawun mota ta ajiye in yana da su. Ya faɗi gaskiya tsantsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, shaidar zur kuwa laifi ne da ya fi na gudu nauyi ƙwarai.

A NAN GIDA

Tsarin kotunan majistare na Nijeriya daga na Ingila aka gado shi, don haka tushen maganar ɗaya ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ba da takardar laifin gudu. Ƙa'idar hanya ta ba ƙananan motocin gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi na gudu. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ya ce duk wanda a ke tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar. Ya ba shi ikon yi wa shaidun mai ƙara tambayoyi, ya kuma ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen da a ke shari'a da shi. Saboda haka tambayoyin nan da muka jera, direban Kano ko na Sakkwato yana da ikon yin su. Tara kuwa ta banki a ke biyanta, a karɓi rasit. Miƙa kuɗi a bakin hanya don a yafe takarda cin hanci ne, mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne.

GARGAƊI

Ba mu kawo wannan darasi don mai ganganci ya sami mafaka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Littafin ƙa'idar hanya na Ingila ya nuna motar da ke gudun mil 30 tana bukatar mita 23 kafin ta tsaya, mai mil 60 kuwa mita 73. Gudu ya ninka sau biyu, wurin tsayawa ya ninka fiye da sau uku. Alƙali yana iya sallamar direba don hujja ba ta cika ba, amma ba ya iya dawo da yaron da aka kaɗe. Wanda ya tsare iyakar gudu ya tsare ransa da na jama'a, ran da aka ba shi takarda bisa kuskure kuwa, zai shiga kotu da ƙarfin zuciya. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

TAMBAYOYI

1. Faɗi hanyoyi huɗu da a ke sanin gudun mota ban da rada.
2. Mene ne dokar Ingila ta ce game da ra'ayin shaida ɗaya?
3. Me ya sāke a jihar Ohayo tsakanin 2010 da 2011?
4. Don me ƙiyasin mil 55 a wurin 30 ya fi ƙiyasin mil 75 a wurin 70 ƙarfi?
5. Mota ta cinye mita 1,000 cikin daƙiƙa 60. Kilomita nawa ta ke yi a awa?
6. Ƙafa nawa ne yadi guda? Inci nawa ne?